Ya Gada? Lafiya Lau

Shekara talatin da ɗaya Kawu ya yi yana aikin hanya, kuma duk tsawon shekarun nan abu ɗaya na san ya sa rai a kansa: takardar da ake ba mutum ranar da ya ajiye aiki, wadda ake rubuta cewa wane ya yi aikinsa da gaskiya. Tun saura shekara biyu ya kafa mata ƙusa a bangon ɗakinsa, ya hana kowa rataya ko hula a jiki. Inna, matarsa, takan tsokane shi ta ce ita ba ta taɓa ganin wanda ya yi wa baƙo shimfiɗa tun baƙon bai taso daga gidansu ba. Saura wata bakwai ya karɓi takardar nan suka kori Kawu, a kan kalma biyu da kowannenmu yake faɗa sau hamsin kafin azahar. Ni 'yar ƙanwarsa ce, shagon ɗinkina yana bakin gadar, a kan idona aka yi komai, kuma har yau in abin ya faɗo mini sai na ajiye almakashi don kada in ɓata wa mutane kaya.

Rabonsa kilomita bakwai ne, daga kwanar kasuwa zuwa bayan makaranta, da kwalbati tara da gada ɗaya a tsakiya. Kayan aikinsa baro ne da shebur da diga, sai wani rodi mai tsawon ƙirjinsa wanda hannu ya goge har yana ƙyalli. Saboda rodin nan gari yake ce masa Baba Rodi. Da sassafe zai taso yana tura baro, in ya ga rami ya cike da tsakuwa ya daddanna, in ya ga magudana ta toshe ya shiga ya yashe. Duk inda ya zo kan kwalbati kuwa sai ya tsaya, ya ɗaga rodin ya sake shi a kan kwalta, ya karkata kai yana saurare. In ƙasan a cike take, rodin yakan yi ƙara gajeriya ya yi shiru. In ruwa ya fara cin ƙasan ta ciki, sai ka ji sautin ya yi zurfi kamar an bugi tulun da ba ruwa. Shi yakan ce wurin ya fara magana, kuma duk wurin da ya ce yana magana, in aka haƙa sai an tarar da kogo.

Kafin damina ta faɗi yakan yi sati biyu a cikin rafi. Zai naɗe wando ya shiga ƙarƙashin gada yana tsamo abin da muka watsa da hannunmu duk rani, su leda, su tsofaffin tayoyi, su robar ruwa, su rassan da aka sare aka rasa inda za a kai. Ba ya zagi, ba ya ɗaga murya. Wata shekara ya tsamo katifa guda, ya shanya ta a kan dutse kwana biyu, ya ɗora a baro ya kai ƙofar gidan mai shagon katako, ya yi sallama ya ce, "Ga katifarku ta ɓata, na tsinto muku." Tun daga ranar ba a sake ganin ko tsumma daga gidan nan a rafi ba.

A da akwai wani tsohon mai duba hanya da yake zuwa daga ofis sau ɗaya a wata. Zai jingine babur ɗinsa a jikin shagona, su zauna da Kawu a kan kankaren gada, su gaisa. Ya gida, lafiya lau. Ya yara, lafiya lau. Ya aiki, da godiya. Ya hanya, ya gada, lafiya lau. Sai sun ƙare wannan kaf, sannan tsohon ya ciro biro ya ce, "To, yanzu faɗa mini." A nan ne Kawu zai fara: kwalbati na huɗu ya tsage, magudanar bakin makaranta tana son siminti. Haka suka yi shekara ashirin, hanya ba ta taɓa cin kowa ba. Wa bai san haka ake yi ba? Ko likita ka je da ciwon da ya hana ka tsayuwa, in ya ce maka ina kwana, lafiya za ka ce, sannan ka zauna ka faɗi abin da ya kawo ka.

Da tsohon ya ajiye aiki aka turo mana wani matashi da farar mota. Ni na sa masa suna Rabin-Gilashi, don ban taɓa ganin gilashin motarsa ya sauka ƙasa gaba ɗaya ba, balle shi kansa. Zai tsaya a kan gada injin yana kunne, ya danna hon, Kawu ya ajiye shebur ya taho yana goge hannu a riga.

"Baba, sannu da aiki. Ya gida?"

"Lafiya lau."

"Ya hanya? Ya gada?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe."

"Madalla. Dangwala mini a nan."

Sai ya miƙo wata takarda da tawada ta saman gilashi, Kawu ya dangwala babban yatsa. Kafin ya gyara murya ya ce "sai dai", mota ta kai kwanar kasuwa. Kawu bai yi karatun boko ba. Shi a zatonsa dangwalen shaida ce cewa mai duba ya zo ya same shi a bakin aiki. Ashe takardar rahoto ce, akwai gurbi a ciki da aka rubuta halin da gada take ciki, kuma abin da bakin Kawu ya faɗa shi bawan Allahn nan yake rubutawa.

A shekarar ne gadar ta fara magana. Ta ɓangaren kasuwa, inda kwalta ta haɗu da kankare, ruwa ya samu hanya yana kwashe ƙasa ta bayan ginshiƙi. Kawu ya kira ni da kansa ya ce in zo in ji. Ya saki rodin a tsakiyar gada, ya sake shi a bakin nan, har ni da ban san komai ba sai zare da allura na ji bambanci. Na ce, "Kawu, in Rabin-Gilashi ya zo kada ka amsa masa komai, ka fara da gadar."

Ya dube ni kamar na ce ya fita kasuwa ba wando. Ya ce, "Mutum ya gaishe ni in tare shi da mugun labari? Ke ma kin san ba a haka."

Wata na gaba ya yi ƙoƙari. Ya amsa gaisuwar da sauri, ya riƙe yatsansa bai dangwala ba, ya ce, "Sai dai, ranka ya daɗe, akwai wata magana." Yaron nan ya dubi agogo ya ce, "Wata mai zuwa, Baba, ina da wurare takwas yau. Dangwala." Kawu ya dangwala, don a duniyarsa ba a yi wa na gaba da kai gardama a bakin titi. Sau biyu ya wanke riga ya tafi ofis da ƙafarsa. Na farko mai gadi ya ce manya suna taro. Na biyu akawu ya ce rahoton hanya ba ya shigowa sai ta hannun mai duba. Na zauna na rubuta wasiƙa da hannuna, shafi guda cur, na kai wa akawun nan, ya karɓa ya ɗora kofin shayinsa a kai tun ban juya ba. Ni ma ina da nawa laifin, ba zan ɓoye ba. Ni ce mai ido a gidanmu, ni kaɗai na yi boko, wata goma sha ɗaya ana dangwala takarda a ƙofar shagona, ban taɓa tasowa daga kan keken ɗinki na ce a ba ni in karanta ba.

Kawu bai zauna jiran ofis ba. Ya riƙa kwaso duwatsu a baro yana jerawa a gindin ginshiƙin, ya cika buhuna da yashi ya tare inda ruwa yake shiga. Amma abin da yake son motar kankare ba ya jin baro.

Tsakiyar damina aka yi wani ruwa da iska da ya ɗauke rufin ajujuwa biyu a makaranta. Da gari ya waye na fito buɗe shago, na tarar da wata ƙatuwar bishiya da ruwa ya tumɓuke daga sama ta zo ta gitta a bakin gada, shara ta taru a jikinta, ruwa yana ta dukan ɓangaren kasuwa. Kawu yana ciki har ƙugu da gatari yana sare rassa. Wani reshe ya kuɓuce ya danne masa ƙafar hagu, sai da maza uku suka ɗaga shi. Da ya fito bai ko dubi ƙafar ba, ya ɗingisa ya hau gada ya saki rodinsa. Na ga fuskarsa ta canza. Ya jawo baro ya kifa a tsakiyar hanya, ya jera duwatsu da rassa, ya tura mai shayin bakin gada ya yi haka a ɗaya ɓangaren, shi kuma ya tsaya da rodin a gicce.

Ranar kasuwa ce kuwa. Zagin da Kawu ya sha a safiyar nan, in da kaya ne, baronsa ba zai ɗauka ba. Masu babur suka ce tsufa ya taɓa shi. Wani direban babbar mota da ya ɗauko siminti ya sauko ya tambaye shi ko gadar ta ubansa ce. Kawu ya ce, "Ba tawa ba ce, amma ba za ka hau ba." Awa uku yana tsaye a kan ƙafa ɗaya da rabi. Wajen ƙarfe goma, ba mota ba mutum a kai, bakin gadar ya zauna da wata ƙara da ta sa allurai suka zubo daga kan teburina. Rami ya buɗe wanda zai haɗiye motar simintin da direbanta har da yaron motar. Direban nan ya daɗe yana leƙen ramin, sannan ya zo ya tsuguna gaban Kawu.

Ni da wautata na ce to shi ke nan, takardar Kawu har da ƙarin layi biyu. Bayan sati uku sai ga sammaci, wai kwamitin bincike yana nemansa.

Na rufe shago na raka shi. Ƙafar ta kumbura ta ƙi shiga takalmi, Inna ta naɗe ta da tsohon zani, muka hau babur ɗin haya. Ɗakin da aka shigar da mu yana da dogon tebur da fanka mai kuka, da mutum uku a zaune: shugaba mai furfura a tsakiya, injiniya a damansa, akawun nan mai kofin shayi a hagunsa yana rubutu. Rabin-Gilashi yana gefe a kan kujera, ranar na fara ganin ashe yana da ƙafafu. Tun a hanya na yi ta ja wa Kawu kunne, na ce yau ba ranar kunya ba ce, duk abin da aka tambaye shi ya faɗi yadda yake.

Shugaban ya dubi zanin da ke ƙafarsa ya ce, "Sannu, Baba. Ya ƙafar?"

Kawu ya ce, "Lafiya lau, ranka ya daɗe."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "To kun ji. Ku dubi ƙafar nan, ku kuma ji abin da ya ce. In wannan ƙafar lafiya lau take, to gadar ma lafiya lau take. Gaishe shi aka yi ya amsa. Wata goma sha ɗaya ana gaishe shi ta saman gilashi, ba a taɓa tambayarsa ba."

Injiniyan ya yi dariya har ya sunkuyar da kai, kuma na rantse ya gane, duk sun gane, ai su ma da harshen nan uwarsu ta yi musu magana. Shugaban ya ce, "Malama, ba ke aka kira ba. Zauna ko ki fita." Sannan ya buɗe fayil ya jera takardu goma sha ɗaya a kan tebur, kowacce da yatsan Kawu a ƙasa.

"Baba, wannan yatsanka ne?"

"Nawa ne."

"An tambaye ka gada ka ce lafiya lau?"

"Na ce."

"Tilasta ka aka yi?"

"A'a, ranka ya daɗe."

Na ce a tambayi akawu wasiƙar da na kawo. Akawun ya ɗago ya dube ni kamar yau ya fara ganina, ya ce babu wata wasiƙa a fayil. Aka juya ga Rabin-Gilashi, ya ce shi abin da ma'aikacin wurin ya faɗa masa ya rubuta, ba zai ƙirƙiri matsala daga kansa ba. Ba wanda ya tambaye shi ko sau nawa ya sauko ya leƙa ƙarƙashin gadar da aka ɗauke shi aiki don ya duba. Laifi tudu ne, kowa a ɗakin nan ya taka nasa yana hango na Kawu. Da injiniyan ya rako mu bakin ƙofa ya rage murya ya ce mini, "Ki yi haƙuri. Takarda ba ta san gaisuwa ba." Na ce masa takarda ba ta sani ba, amma shi ya sani, kuma shi ne mai sa hannu.

Wasiƙar kora ta zo bayan kwana goma, ni na karanta masa a tsakar gida, Inna tana tsaye da tsintsiya. Laifi biyu suka rubuta. Na farko, sakaci da aiki da ba da rahoton ƙarya. Na biyu, kuma wannan ne ya sa na kusa yaga takardar, wai ya rufe hanyar hukuma ba tare da izini ba. Hanyar da ya rufe da baronsa da karyayyiyar ƙafarsa, wadda da bai rufe ba da sai an yi kwana uku ana zaman makoki a garin nan. An ci moriyar ganga an yar da kwaurenta, ba wani suna da abin yake da shi. Kawu ya saurara har ƙarshe, ya ce in sake karanta masa wurin ƙarya ɗin. Na sake. Ya karɓi takardar ya ninke ta huɗu ya sa a aljihu, ya shiga ɗaki.

Mun yi ta kai da kawo. Direban siminti ya zo da kansa ya ce zai ba da shaida, aka ce an rufe fayil. Masu babur ɗin da suka zage shi suka yi ayari zuwa ofis, mai gadi ya ce manya suna taro. Gari kuma, kun san gari. Waɗanda suka ga abin da idonsu sun san gaskiya, amma na nesa abin da ya isa kunnensu shi ne Baba Rodi ne ya ce gada lafiya lau take. Har yara suka mai da shi wasa, in tayar keken wani ta sace sai su ce lafiya lau. Rabin-Gilashi kuwa an mai da shi babban ofis, na ji an ce yanzu shi ake kawo wa rahoto.

An yi wata tara muna zagaye ta cikin rafi kafin a gama sabuwar gada. Ranar buɗewa aka kafa rumfa aka jera kujeru, shugaban kwamitin nan ya yi jawabi a kan muhimmancin kula da kayan jama'a. Ba a gayyaci Kawu ba, ba a kuma ɗauki wani a madadinsa ba. An ce kamfani zai riƙa turo mota da ma'aikata duk wata uku. Sau ɗaya na gan su, sun zo sun yi wa ƙarfen gefe fenti sun tafi, leda da tayoyi suna nan ƙarƙashi suna jiran damina.

Abin da ya fi ci mini rai ba a ofis ya faru ba, a gida ne. Inna ce ta fara lura. Ta zo shago ta zauna a kan benci ta ce, "Kawunki ya daina amsa gaisuwa." Na ce kamar yaya. Ta ce in an ce masa ina kwana sai ya ɗaga hannu kawai, in an ce ya gida sai ya yi shiru yana kallon mutum. Mutumin da in ya haɗu da kai a hanya sai ya tambayi lafiyar kowa naka har akuya. Wasu suka ce girman kai ne, wasu suka ce abin ya taɓa masa kai. Ƙusar nan tana nan a bango. Inna ta ce ta taɓa rataya jakar maganinsa a jiki, da ta dawo ta tarar ya sauke jakar ya ajiye a kan gado.

Rodin bai mayar musu ba, don nasa ne, da kuɗinsa ya saya tun yana saurayi. Har yanzu yakan fito da safe yana ɗingishi, ba baro ba shebur, ya bi kilomita bakwai ɗin nan yana sakin rodi a kan kowane kwalbati. Shekaranjiya na hango shi a kan sabuwar gada, ta ɓangaren kasuwa, ya saki rodin sau uku a wuri ɗaya, ya karkata kai ya daɗe. Na ajiye ɗinki na fita.

Na ce, "Sannu, Kawu. Ya gadar?"

Ya dube ni har na fara jin kunya. Sannan ya ce, "Gaisuwa kike yi ko tambaya?"

Na ce, "Tambaya ce, Kawu."

Ya jingine rodin, ya share kankaren gefen gada da tafin hannunsa, daidai irin wurin da suke zama da tsohon mai duba.

Ya ce, "To zauna. Kin zo da biro?"